Robar Ƙwallon Tebur: Wa Ke Da Ikon Yanka Farashi da Shata Iyakar Kasuwa?

A unguwanni da yawa na Kano, Kaduna da Jos, ƙwallon tebur wasa ne da ba ya neman jari. Kafinta ya haɗa tebur, a gitta katako a tsakiya a madadin raga, a sayo bat biyu na kasuwa da ɗan ƙwallon nan da yara ke kira ƙwai, shi ke nan fili ya buɗe. Wanda ya ci ya tsaya, wanda aka cinye ya biya mai tebur. Amma yaron da hannunsa ya faɗa har aka fara kai shi gasar jiha, nan da nan zai gane cewa bat ɗin gasa ba a sayensa a haɗe. Katako daban, roba biyu daban, gam daban. Katakon yakan shekara da shekaru a hannu. Robar ce mai cin kuɗi, domin mutuwa take yi: mai atisaye kullum, bayan 'yan watanni za ta daina kama masa ƙwallo, manyan 'yan wasa kuwa cikin kwanaki suke ɓare ta su liƙa sabuwa.

Na taɓa niyyar sayo wa ƙanena roba biyu daga wani shagon intanet na ƙasar waje, saboda farashinsa ya fi sauƙi. Na zaɓi kaya, na zo biya, sai aka sanar da ni cewa wannan samfurin ba a aika shi zuwa ƙasarmu, in tuntuɓi wakilin yankina. Na tuntuɓa, babu kayan a hannunsa, kuma bai san ranar zuwansu ba. Ga kuɗi, ga kaya, ga mai son sayarwa, amma ciniki bai faɗa ba. Tun daga ranar nake bibiyar muhawarar da ta daɗe tana raba kan 'yan wasa, masu horarwa da 'yan kasuwar wannan fanni a Japan, Turai da Amurka.

Abubuwa biyu ake gardama a kansu, kuma sau da yawa akan cakuɗa su. Na farko shi ne ƙayyade farashi: kamfani ya gindaya wa 'yan kiri wani farashi da ba za su sauka ƙasa da shi ba, ko aƙalla ba za su tallata ƙasa da shi ba. Wanda ya karya, a daina ba shi kaya. Na biyu shi ne rabon yanki: kamfani ya raba duniya gunduwa-gunduwa, kowace ƙasa ko shiyya da dilanta, kuma ba a yarda dilan wani yanki ya tura kaya yankin wani ba.

Inda robar take fitowa

Hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, wadda aka kafa a 1926, tana fitar da jerin robobin da ta amince a yi gasa da su. Robar da ba ta cikin jerin, alƙalin wasa ba zai bari a buga da ita ba. Jerin yana da tsawo, sunayen kamfanoni birjik, har mutum ya ɗauka gasa ta yi zafi a kasuwar. In aka bi robar zuwa inda aka ƙera ta, sai lissafin ya tsuke zuwa ƙasashe uku.

A Japan akwai Butterfly, tambarin kamfanin da Hikosuke Tamasu ya kafa a 1950, mai ƙera manyan robobinsa da kansa. A Jamus akwai masana'antar ESN da ke garin Hofheim a jihar Bavariya, wadda ba ta cika sayar da kaya da sunanta ba, amma ita ke yi wa Donic, Tibhar, Andro, Joola da Xiom manyan robobinsu, har ma da wasu samfuran kamfanonin Japan irin su Nittaku da Yasaka. A ƙasar Sin akwai DHS na birnin Shanghai, wanda aka kafa a 1959, shekarar da Rong Guotuan ya ciyo wa ƙasar kambun duniya na farko, tare da ɗimbin ƙananan kamfanoni masu kaya masu araha.

Shekarar 2008 ce ta sauya lissafin kowa. Kafin nan 'yan wasa sukan shafa wani gam mai ƙarfin wari daf da shiga fili, tururinsa ya kumbura soson da ke ƙarƙashin roba, ƙwallo ya riƙa fita da gudu da murɗawa. Da wannan dabara roba mai matsakaicin kuɗi takan yi aikin babba. ITTF ta haramta gam ɗin saboda illarsa ga lafiya, haramcin ya kankama bayan gasar Olamfik ta Beijin. A cikin shekarar ne Butterfly ya fito da Tenergy 05, robar da ke ba da irin wancan ƙarfi ba tare da gam ba. Abin da ɗan wasa ke samu a gwangwanin gam ya koma sai a masana'anta, farashi kuwa ya bi shi can. A 2019 aka fito da Dignics, wadda ta fi ta tsada. A 'yan shekarun nan manyan robobi irin waɗannan sukan kai dala 80 zuwa kusan 100 kowace guda a Amurka, alhali Hurricane 3 ta DHS, irin ta kasuwa, ba ta cika wuce dala 25 ba.

Abin da magoya baya ke cewa: kura da shan bugu

Hujjar farko ta masu goyon bayan tsarin ta shafi mai shagon unguwa. Roba kaya ce mai wuyar zaɓi. Akwai mai tauri da mai laushi, mai danƙo da maras danƙo, soso mai kauri da siriri, kuma wadda ta dace da wannan katako ba lallai ta dace da wancan ba. Mai shagon da ya san aikinsa yakan zauna da yaro da mahaifinsa, ya tambayi salon wasansa, ya ba shi bat na gwaji ya buga, ya yanka masa roba ya liƙa. Duk wannan lokaci ne da haya da albashin yaron shago. In aka bar farashi sakaka, mahaifin zai gama shan bayani ya yi godiya, ya koma gida ya sayi robar daga shagon intanet da ba ya biyan hayar kowane titi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan shekara biyu shagon ya rufe, yaro na gaba ya rasa mai nuna masa hanya, shi ma kamfanin ya rasa bakin da ke yi masa magana a garin.

Wannan tunani ba 'yan ƙwallon tebur suka ƙirƙiro shi ba. Masanin tattalin arziki Lester Telser na Jami'ar Chicago ya shimfiɗa shi tun 1960, kuma shi ne ya yi rinjaye a Kotun Ƙolin Amurka a 2007. A shari'ar, kamfanin Leegin mai yin bel da jakunkunan fata ya daina ba wani shago a Texas kaya saboda yana zaftare kashi 20 cikin ɗari. Alƙalai biyar cikin tara suka rushe hukuncin da ya tsaya tun 1911, wanda ya ɗauki ƙayyade wa ɗan kiri farashi a matsayin laifi kai tsaye. Suka ce daga yanzu sai an duba kowane lamari an ga ko ya cutar da gasa. A ganinsu, in an hana shaguna yaƙin farashi a kan tambari ɗaya, za su koma yin gasa da kyautata wa mai saye, yaƙin gaske kuma ya koma tsakanin tambari da tambari.

Martanin masu adawa: roba ba mota ba ce

Masu adawa suna cewa hujjar ta yi kyau a kan kayan da ake saye sau ɗaya a shekaru goma. Roba kuwa kamar man girki take. Wanda ya shekara biyar yana buga roba iri ɗaya ba ya buƙatar bayanin kowa a saye na goma sha biyar. Ya san sunanta, ya san kaurin sosonta, abin da yake so kawai a miƙo masa. Don me zai riƙa biyan ladan shawarar da bai nema ba, sau uku ko huɗu a shekara, har ƙarshen wasansa? Shawarar ma, yawanci daga koci ake samunta ko daga abokan kulob, ko daga bidiyon gwajin kaya da suka cika YouTube. A garuruwa da yawa na duniya babu ma shagon ƙwallon tebur ko ɗaya da za a ce ana karewa.

Suna kuma nuna wani gurbi a hujjar kotun Amurka. Ta dogara ne a kan cewa akwai gasa mai zafi tsakanin tambura, ta yadda in wannan ya tsawwala sai mai saye ya koma wancan. To, in tambura biyar ko shida daga tukunya ɗaya ake kwaso musu roba, kuma kowanne ya kafa nasa ƙasan farashi kusa da na ɗan'uwansa, ina gasar take? Sannan sauya roba ba kamar sauya sabulu ba ne. Hannun ɗan wasa ya saba da yadda ƙwallo ke tashi daga robarsa, sauyi yakan ci masa makonni kafin ya daidaita, kuma ba wanda ke son yin wannan gwaji ana saura wata ɗaya gasa. Mai saye da ya ɗaure kansa haka ba ya iya yin fushi da kasuwa. Alƙali Stephen Breyer, wanda ya rubuta ra'ayin marasa rinjaye a waccan shari'a, ya yi gargaɗin cewa abin da ya fi tabbata a irin wannan tsari shi ne tashin farashi ga mai saye. Jihar Maryland ma ba ta jira ba, a 2009 ta yi dokarta ta mayar da haramcin.

Batun jabu da batun ɗaukar nauyi

Magoya baya suna da hujja ta biyu, kuma ta fi ta farko nauyi a wurina. Jabun roba da jabun katako sun cika kasuwa, kwalinsu da tambarinsu kamar na gaske, sai an liƙa an buga kafin a gane. Roba kuma tana lalacewa in ta daɗe a zafi ko a rana. Dila guda a kowace ƙasa yana nufin akwai wanda za a kama in kaya sun fito da matsala. Shi ne ke zuba jari ya yi sari, ya biya kuɗin fito, ya ajiye launi da kauri iri-iri har da waɗanda ba sa tafiya da sauri. Ba zai ɗauki wannan kasada ba in ya san gobe wani zai shigo da kwali biyu na samfurin da ya fi tafiya kawai, ya karya masa farashi, ya bar shi da kwantai.

Daga ribar dilan ne kuma ake ɗaukar nauyin wasan. Ƙwallon tebur ba shi da kuɗin talabijin irin na ƙwallon ƙafa. Tebura da ƙwallayen gasa, rigunan ƙungiyoyi, robar da ake ba yara masu tasowa kyauta, da yawansu daga kamfanonin kaya da dilolinsu suke fitowa. Timo Boll na Jamus ya yi kusan dukkan rayuwarsa ta wasa ƙarƙashin Butterfly. Quadri Aruna, wanda ya doke shi a Rio a 2016 ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas a Olamfik, shi ma kamfanonin Jamus ne suka ɗauki nauyin kayansa, Joola da farko, daga baya Gewo. Magoya baya suna cewa shagon intanet da ke wata nahiya ba zai taɓa sayen ƙwallo ɗaya ga gasar 'yan makaranta a garinku ba.

Masu adawa ba su musanta jabu ba. Abin da suke cewa shi ne katangar rabon yanki da kanta tana ciyar da shi. Ɗan wasan da aka hana saye daga sanannen shago a Tokyo ko Jamus, wanda kuma dilan ƙasarsa ba shi da kaya, ba ya haƙura. Komawa yake wurin mai jaka, ko wani shafin da ba wanda ya san mai shi, inda jabu ya fi yawa kuma babu rasit. Suna kawo misalin Hurricane 3, wadda ake sayarwa hawa uku: ta kasuwa, ta lardi, da ta ƙasa mai shuɗin soso, irin wadda ake dangantawa da manyan 'yan wasan Sin su Ma Long. Ƙarancin manyan hawan da rashin bayyananniyar hanyar samunsu sun sa farashinsu ya ninka na kasuwa sau da yawa, kuma nan ne masu jabu suka fi yin kasuwa. A game da ɗaukar nauyi kuwa, tambayarsu ita ce: in kamfani yana son dila ya riƙa tallafa wa gasa, me zai hana ya biya shi kai tsaye don wannan aiki, a rubuce, a ga abin da aka kashe? Ƙasan farashi yana ba kowane ɗan kiri riba iri ɗaya, da wanda ya ɗauki nauyin yara da wanda bai taɓa leƙa fili ba.

Sai batun canji, wanda ya fi komai tunzura masu saye a 'yan shekarun nan. A tsakiyar 2024 kuɗin Japan ya faɗi har dala ɗaya ta haura yen 161, abin da ba a gani ba tun 1986. Kayan Japan suka yi araha ƙwarai ga mai dala ko yuro, amma ga wanda yake tsaye a cikin Japan kawai. Na waje yana ganin farashin da idonsa, an hana shi taɓawa.

Yadda dokoki suka rabu

Ƙasashen da ke ƙera kayan ba su bi Amurka ba. A Japan dokar hana babakere ta haramta tilasta wa ɗan kiri farashi, in ban da littattafai, jaridu, mujallu da faya-fayan kiɗa. A 2012 hukumar kula da adalcin ciniki ta ƙasar ta umarci Adidas na Japan ya daina yin haka a kan wasu takalman Reebok. A ƙasar Sin, a 2013, an ci tarar kamfanonin barasa biyu, Moutai da Wuliangye, yuan miliyan 449 a haɗe saboda laifi iri ɗaya.

Tarayyar Turai ta fi kowa tsanani, kuma tun 1966 ta fara, lokacin da kotunta ta soke yarjejeniyar da ta ba kamfanin Consten ikon mallakar kasuwar Faransa shi kaɗai a kan kayan lantarkin Grundig. Ƙa'idarta a yau mai sauƙin fahimta ce: ana iya hana dila shiga yankin wani yana farautar masu saye, amma ba a iya hana shi sallamar wanda ya zo da ƙafarsa. Ƙasan farashi kuwa haramun ne kusan ba tare da togiya ba. A watan Yulin 2018 an ci tarar Asus, Philips, Pioneer da Denon & Marantz sama da yuro miliyan 111 saboda matsa wa shagunan intanet lamba kan farashi. A watan Maris na 2019 Nike ya biya yuro miliyan 12.5 saboda hana sayar da kayan tambarin kulob-kulob daga wata ƙasar Turai zuwa wata. Hukumar hana babakere ta Jamus ma ta taka wa Asics burki a 2015 kan ƙuntata wa dilolinsa a intanet.

Sai dai Turai katangun cikin gida kawai ta rushe. A 1998, a shari'ar kamfanin tabarau na Silhouette, kotunta ta yanke cewa mai tambari yana da ikon hana a dawo da kayan da ya sayar a wajen yankin, a lokacin Bulgeriya ce, a sayar a ciki ba da yardarsa ba. Ɗan wasan Faransa yana iya saye daga Jamus, amma ɗan kasuwar Faransa ba zai yi sarin roba daga Tokyo ya baje a Paris ba in kamfani bai so ba. Kowane ɓangare yana ɗaga wannan a matsayin nasararsa.

Najeriya ma tana da tata dokar. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta fara aiki a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta soke duk sharaɗin da ya gindaya wa mai sake sayarwa mafi ƙarancin farashi. Amma a aikace ba ta da hannun da zai tilasta wa shago a wata nahiya ya aiko da kwali Kano.

Hujjar da ta fi shafarmu

Akwai wata hujja ta magoya baya da ban cika jin an amsa ta da kyau ba. Suna cewa katanga ita ce kaɗai hanyar da talakan ƙasa zai samu farashi mai rahusa. In kamfani ya sayar da roba rabin kuɗi a Legas ko Akara, kuma babu abin da zai hana ɗan kasuwa ya kwashe ta ya mayar Landan, to kamfanin ba zai sake yin rangwamen ba. Zai yanka farashi ɗaya ga duniya, kuma na masu kuɗi zai yanka. An ga haka a littattafan jami'a. Wani ɗalibi ɗan Tailan, Supap Kirtsaeng, ya riƙa sa 'yan'uwansa suna sayo masa bugun Asiya mai araha yana sayarwa a Amurka. Kamfanin Wiley ya kai shi ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta ba ɗalibin gaskiya a 2013, daga baya kamfanin ya ɗaga farashin bugun ƙasashen waje. Ɗalibin Amurka ya samu 'yanci, na Tailan ya biya.

Masu adawa suna amsawa da tambaya ɗaya: ina rangwamen? Littattafan sun kasance da bugu mai araha na ƙasashe matalauta, shi ya sa katangar ke da ma'ana. Manyan robobi kuwa da kuɗin waje ake sarinsu, a ɗora kuɗin jirgi, kuɗin fito da ribar dila. Mu yi lissafi da roba biyu na dala 80 kowace. A farkon 2023, da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, kuɗinsu naira 73,600 ne. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, dala ta haura 1,500 a 2024, sai suka koma naira 240,000, kafin a sa ko sisin dakon kaya. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Albashin fiye da wata uku ke nan a kan abin da zai mutu kafin shekara ta zagayo. Ƙasar da ta fitar da Atanda Musa, da Segun Toriola da Funke Oshonaike waɗanda kowannensu ya je Olamfik sau bakwai, yaranta masu tasowa suna liƙa robar da manya suka ɓare suka yar.

Tsohuwar gardama ce a wurinmu

Mai karatun da ya zauna gaban malam zai ji kamar ya san wannan magana. Lokacin da kaya suka yi tsada a Madina, sahabbai sun roƙi Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yanka musu farashi, bai yi ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma an kawo cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tarar da Haɗib ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa, ya ba shi zaɓi tsakanin ƙara farashi da barin kasuwar. Mai goyon bayan ƙasan farashi zai ce ga shi nan, karya farashi yana iya zama cutarwa ga sauran 'yan kasuwa da masu kawo kaya daga nesa. Amma a ruwayar da Imamu Shafi'i ya kawo, Umar ya sake tunani ya bi Haɗib har gida, ya sanar da shi cewa maganar ba hukunci ba ce, ya sayar yadda ya so. Akwai kuma daga manyan malaman Malikiyya waɗanda suka ƙi yarda a zargi mai sauƙaƙa wa mutane.

Abin da na ɗauka a nan shi ne bambancin mai yanka farashin. Umar shugaba ne da ba shi da zabibin sayarwa a kasuwar, maslahar gari yake dubawa, kuma duk da haka ya yi ɗari-ɗari. Kamfanin roba shi ne mai kaya, shi ne mai yanka farashi, shi ne kuma mai hukunta wanda ya saɓa.

Da na tace

Na fi karkata ga raba abubuwan biyu. Ƙasan farashi a kan roba bai gamsar da ni ba. Hidimar da ake cewa yana karewa gaskiya ce ga sabon shiga, amma mafi yawan robar da ake sayarwa tsofaffin hannu ke saye, kuma akwai hanyoyin biyan mai shago ladan hidimarsa ba tare da an ɗora wa kowa ba: ragi na musamman ga shagon da ke da teburin gwaji, ko kuɗin liƙi da yanka a fili. Ba banza ba ne Japan, Sin da Turai, inda masana'antun suke, duk suka haramta shi, kuma kamfanonin suna nan suna fitar da sabbin kaya.

Rabon yanki kuwa ban iya yanke masa hukunci ɗaya ba. Inda dila yake da shago, yana ajiye kaya, yana karɓar abin da ya lalace, yana sa tebura a makarantu, ya cancanci a kare shi daga mai kwali biyu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wannan ya yi askin. Inda dilan suna ne kawai a takarda, katangar ba ta kare komai sai hana ciniki. Mafi ƙarancin adalci shi ne ƙa'idar nan ta Turai ta zama ta kowa: in mai saye ya nemi kaya a yankinsa bai samu ba, kada a hana wani ya sallame shi.

Abin da ya rage a buɗe shi ne wanda ya fi muhimmanci gare mu. In aka rushe katanga baki ɗaya, babban ɗan wasa mai katin dala zai amfana yau, amma 'yan shagunan da ke kewayen filin wasa na Surulere a Legas, waɗanda ke ba koci bashi har ƙarshen wata, ƙila ba za su kai baɗi ba, kuma damar samun farashin Afirka ta tafi ke nan. In aka bar katangar yadda take, damar tana nan amma ba wanda ya ɗauke ta. Legas tana karɓar gasar ƙwallon tebur ta ƙasa da ƙasa ta WTT tun 2023, kuma ɗan Najeriya ne, Wahid Enitan Oshodi, ke shugabancin hukumar wasan ta Afirka. Akwai bakin da zai iya zama da kamfanonin ya nemi roba mai alamar nahiyar a kwalinta, da farashinta daban, ta hannun hukumomin ƙasa da kulob-kulob masu rajista. Ko kamfanonin za su ga kasuwar ta kai girman da za su yi mata wannan ɗawainiya, tambaya ce. Ko mu kanmu za mu iya hana robar bin jakunkunan matafiya ta koma Turai inda za a ninka kuɗinta, ita ma tambaya ce, kuma amsarta a hannunmu take.

Ƙanen nawa dai da robar Sin mai araha ya shiga gasar. Kocinsa yana ganin ta ishe shi a hannun gaba, amma bayan hannu yana son wata mai laushi, kuma har yanzu muna jiran wani da zai dawo daga tafiya.